Hatsin da Na Kai wa Ɓerayen Ramatu

Shekarar da ruwa ya yi yawa har bangon ajinmu na karatun manya ya faɗi, muka koma ɗaukar darasi a rumfar mai shayi, ita ce shekarar da na fara ƙetare iyaka. Tun da na dawo Filinge ban huta ba. A kasuwa, a wurin suna, a bakin rijiya, sai an ce, "Arzika, ba mu labarin Najeriya." Kafin in buɗe baki kuma sai mutum ya ƙara da, "Ramatu ta yaba hatsina?" Na gaji da maimaitawa. Tun da hannuna ya iya rubutu yanzu, bari in rubuta sau ɗaya, mai son sani ya karanta ko ya sa a karanta masa.

Ramatu ɗiyar yayana Gado ce. Tana ƴar lakwal, wato makarantar boko, ya rasu. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, likita ya ce hanta ce. Ni na riƙe ta. Ta yi karatu a Yamai, daga can ta samu wuri a wata jami'a a Najeriya, gaba da Sakkwato. Ta roƙe ni kada in faɗi sunan garin, kuma bayan abin da na yi mata wannan roƙon bai yi yawa ba.

Ƙarshen damina ta kira ni a waya.

"Baba, so nike ka tara mani hatsi daga rumbuna ashirin. Amma ba mai kyau ba. Na gindin rumbu, wanda ya jiƙa ya yi hunhuna, wanda mutane ka ci in na sama ya ƙare."

"Mi za ki yi da shi?"

"Ɓeraye za ni ba."

Na ɗauka wayar ce ba ta da kyau. Sai ta yi mini bayani a hankali. Ta ce hunhunar da ke kama hatsi tana da guba mai cin hanta, kuma tana zargin mutanenmu sun daɗe suna shanta a fura. Aikinta shi ne ta yi wa ɓeraye fiɗa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ta yanke wani yanki na hantarsu. Hanta tana sake tohowa cikin kwanaki kaɗan. In ta ciyar da ɓerayen da hatsinmu a cikin waɗannan kwanaki, za ta ga ko hantar ta toho daidai ko ta kasa. Ɗakin fiɗar ɗaya ne, masu jira da yawa, sati ɗaya aka ba ta. Wanda ya rasa satinsa sai bayan wata huɗu. In aikin ya yi, a bana za ta gama karatu.

"Ka yi ma kowace leda alama," in ji ta, "in san wanne ya hito daga wane gari."

Nan na fara lalata abin. Wata bakwai ke nan da na iya rubutu, duk abin da na gani sai in ji kamar in rubuta masa suna. Na sayi ledoji ashirin da bik, wato biro, na ce ba sunan gari kaɗai ba, har sunan mai gida zan sa, a ga aiki a tsare.

Maƙwabcina Mamman na fara zuwa wa. Ya shiga rumbu ya ɗebo mini abin da nake so, baƙi, a dunƙule, yana wari. Na zauna na rubuta a jikin leda. Ya leƙo.

"Wanga mi ne?"

"Sunanka."

"Sunana za ka aza bisa ruɓaɓɓen hatsi ka kai Najeriya, likitoci su karanta?"

Ya karɓe ƙwaryarsa ya shige gida. Can sai ga matarsa da wani hatsin, an sussuka, an sheƙe, an tsince, yana ƙyalli kamar na biki. Na ce ba wannan aka aiko ni ba. Mamman ya dube ni ya ce, "Ni hakanan rumbuna yake."

Kafin rana ta faɗi labari ya zaga unguwa. Kafin ranar kasuwa ya kai garuruwan Damana da Bankuku. Duk wanda na tambaya sai ya kawo mini mafi kyawun abin da ya mallaka, ya tsaya a kaina har in rubuta sunansa, wani ma ya ce in ƙara girman baƙin. Na yi bayani har muryata ta dushe. Kowa ya ce ya gane, kowa ya ce shi dai rumbunsa bai jiƙa ba. A shekarar da ruwa ya rushe bango.

Mutum ɗaya ce ta ba ni na gaskiya, Inna Kande, tsohuwa mai zaman kanta a bayan masallaci. Ba ta da wani hatsin sai shi. Na rubuta sunanta, na zo gida na ajiye. Matata Hajo ta buɗe ta shinshina.

"Asirin tsohuwa za ka tona a ƙasar mutane?"

Na dubi ledar, na dubi sunan da na rubuta da hannuna. Na juye wa kaji, na cika ledar da namu. Namu kuwa sau uku Hajo ta sheƙe shi. Na gaya wa kaina cewa hatsi hatsi ne, abin da ido bai gani ba injin likita zai gani.

Ramatu ta sake kira. "Baba, ka samu?"

"Na samu. Ashirin cif."

"To Litinin ni fara fiɗa. Ka iso Laraba."

Na zuba ledojin a buhu ɗaya na nufi tasha. Direba ya ce a ɗora buhun a sama tare da awaki. Na ce ba a ɗora shi, kayan likita ne. Ya matsa buhun da hannu ya ce, "Likitan ga fura yaka dama ma mutane?" Aka yi dariya. Na rungume abina a cinya, tsakanin wata Bazabarma mai kwandon busasshen kifi da wani makiyayi da ya shigo da sandarsa ya ƙi rabuwa da ita. Duk ramin da muka faɗa sai sandar ta same ni a kunne, shi kuma ya ce, "Sannu," kamar wani ne ya buge ni.

Kafin Balleyara ruwa ya ci hanya, motar ta kafe a laka. Aka ce maza su sauka su tura. Ana cikin turi sai sama ta sake. Na tuɓe babbar rigata na naɗe buhun, ni na tsaya da ƴar shara ruwa yana dukana. Bazabarmar ta ce cikin Hausarta, "Kai, baba, hatsi ya fi ka daraja?" Na ce mata ya fi. Yanzu in na tuna abin takaici yake ba ni. Na hana hatsin jiƙa da jikina, alhali jiƙaƙƙe aka ce in kawo.

A Yamai na sauka gidan Salifu, mutumin garinmu mai gadi a wani kamfani. Ɗaki ɗaya ne da zaure, ni aka ba zauren tare da babur ɗinsa. Da safe na fito alwala na tarar da matarsa ta kwance buhuna, ta juye leda ɗaya a turmi, taɓarya a hannu. Da ƙyar na tare ta. Muka durƙusa muna kwashewa daga turmi.

"Na aza tsaraba ce," in ji ta. "Hatsin gida irin wanga za ka kai ma ɓeraye? Mu nan wata nawa ba mu ga kamarsa ba."

Da ina da wayo, a nan zan juya gida. Macen da ta san hatsi ta gani ta yi sha'awa. Amma sai na ji daɗi, har na ce mata ai Kurfai, yankinmu, ba ta ba da abin kunya.

Daga Yamai zuwa Ƙonni babbar mota na shiga. Wanda na zauna kusa da shi mai sayar da maganin gargajiya ne. Da ya ji inda za ni, daga Doso har Dogon Dutsi bai rufe baki ba. Ya ce shi ya gama da ciwon hanta tuntuni, saiwa uku ce kawai, likitoci ne ba sa son a sani. Na ce masa yayana ya sha saiwa ta fi uku. Ya ce to ba a wurinsa aka karɓa ba. Na juya fuska wajen taga, sai ya koma kan na bayanmu.

A bakin iyaka ma'aikaci ya ga buhu ya ce in kwance. Na miƙa masa takardar da Ramatu ta aiko mai hatimi. Ya karanta, ya sake karantawa, ya kira abokin aikinsa.

"Zo ka ji. Wanga dattijo abinci yaka kai ma ɓeraye. An yi musu fiɗa, suna kwance suna jiran shi."

Abokin ya zo yana ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunaye. Ashe ɗan Kurfai ne. Da ya zo kan wata leda ta Damana sai fuskarsa ta washe.

"Wanga kawuna ne. Ka ga hatsinshi? Mutumen ga bai taɓa ba da abin banza ba." Ya ɗaure ledar da kansa ya ce in gai da ɓerayen.

A ɗaya gefen aka tambaye ni katin rigakafi. Ban san ana bukatarsa ba. Aka ce sai an yi mini allura, mai allurar kuma ya tashi, sai gobe. Na kwana a benci a tashar Illela, buhun ne matashina. Laraba ta wuce ina nan. Na kira Ramatu, ta ce ba kome, kwana ɗaya ba zai ɓata ba, in dai na iso Alhamis.

Mutanen Sakkwato maganarsu kamar tamu ce, ban ji baƙunta ba. Gaba da nan ne aka fara ce mini mutumin Faransa, ana sa ni in maimaita magana don a yi dariya. Abincinsu ma da bambanci. Na nemi fura aka kawo mini da ƙanƙara da sukari har ba a jin hatsin. Na ci tuwon shinkafa da miyar da barkononta ya sa na yi ta tsayar da mota a hanya, direba yana cewa, "Baba, ko mu bar ka a nan ne?" Su kuma masu babur ba su san birki ba. Wanda ya ɗauke ni daga tasha zuwa jami'a ya kutsa tsakanin tirela biyu, takalmina na hagu ya fita. Na ce ya tsaya, ya ce in an tsaya a nan sai gawa. Haka na shiga jami'a da takalmi ɗaya da buhu a ka.

Ramatu ta rame, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi buhun ta sa a kabad ta kulle. Ta ce saura ɓera biyu ta gama, in zo in gani.

Kafin a shiga ɗakin sai an cire takalmi, wanda ni dama rabinsa na riga na cire. Aka sa mini doguwar riga da hula da ƙyallen rufe hanci. Mai kula da ɓerayen wani dattijo ne, Malam Sani. Ya nuna mini su, farare tas, idanu jajaye, kowane da lamba a jikin kejinsa. Ɗakinsu akwai injin sanyi. Ɗakin da aka sauke ni babu ko fanka.

"A garinmu da taɓarya muke gaishe su," na ce masa.

"Nan ko tari ba a yi a gabansu," in ji shi. "Abin da za su ci ma sai an auna. Ni da nake ba su ba a auna mini."

Ramatu ta zauna, ta kifa idanunta a kan madubin. An sa wa ɓeran maganin barci, yana kwance a kan wani faranti mai ɗumi, an aske masa ciki. Akwai allo a gefe mai nuna abin da take gani. Da na dubi hannunta, kamar ba ya motsi. Da na dubi allon sai na ga jijiya kamar igiyar guga, alhali a zahiri ba ta kai saiwar hatsi kauri ba. Zaren da take ɗauri da shi ya fi gashin kai siranta, allurar kuma sai da Malam Sani ya nuna mini da yatsa sannan na yarda akwai ta. Ta zagaya zaren ta ƙulla, ta sake ƙullawa. Na lura in za ta ja ƙulli sai ta riƙe numfashi. Ta yanke yankin hantar, bai fi ɗan dabino ba, ta ɗinke cikin. Jinin da ya fita bai jiƙa auduga ɗaya ba. Bayan ɗan lokaci ɓeran ya motsa gashin baki, ya ja jiki ya sha ruwa.

Na tsaya ina kallon yarinyar da a da ko maɓallin riga ba ta iya ɗinkewa. Ɓera ashirin da huɗu ta yi wa haka cikin kwana huɗu. Na ce a raina gara da na kawo mata hatsi mai kyau.

Da ta wanke hannu sai ta ɗauko buhun ta ɗora a tebur. Ta buɗe leda ta farko, ta zuba a tafin hannu, ta shinshina. Ta buɗe ta biyu. Ta buɗe ta uku. Sai ta juya ledar ta ga rubutuna.

"Baba, wa ya ce ka rubuta sunayen mutane?"

"Don aiki ya tsaru."

"A gabansu ka rubuta?"

Na ce a gabansu.

Ta rufe ido. Sannan ta fara tona buhun da sauri tana duba sunaye har ta samu ta Inna Kande. "Ita dai na san ba ta da wani," in ji ta. Ta buɗe. Ta daɗe tana kallon hatsin a hannunta.

"Wanga na gonarmu ne. Sheƙar Inna Hajo ce."

Na gaya mata gaskiya, har da kajin. Malam Sani ya juya baya ya kama goge teburin da ba shi da datti.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce za ta gwada a inji ko Allah zai sa a samu. Washegari sakamako ya fito. Akwai gubar a leda biyu ko uku, amma kaɗan ƙwarai, ba ta kai ta nuna kome a jikin ɓera ba.

Na ce mu je kasuwar garin, ai ba za a rasa ruɓaɓɓen hatsi ba. Ta ce takardar izinin aikinta rumbunan Kurfai ta ambata, ba ta da ikon musanyawa. Na ce in koma gida in kawo na gaskiya. Malam Sani ya ce, "Kafin ka je ka dawo hanta ta gama tohowa. Ita ba ta jiran mota." Na ce to a sake yi musu fiɗa in na dawo. Ramatu ta ce ba a yanka ɓera ɗaya sau biyu, waɗannan sai dai a sa musu maganin barcin da ba su tashi.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan ɗora wa. Na ce, "Ke ma ɗiyar garin nan ce. Kin san ba a ba baƙo gindin rumbu."

"Shi ya sa ban aiki baƙo ba," in ji ta. "Kai na aika." Ta jera ledojin a gefe. "Abin da nike zargin ya kashe babana yana can ƙasan rumbu, ku kun aiko mani da na sama."

Kwana biyu na ƙara a garin, ba na iya haɗa ido da ita. Ta je wurin shugabanta ita kaɗai, ta dawo ta ce an sa sunanta a layi, bayan wata huɗu. Hatsin ta raba wa abokan aikinta. Wata likita ta tare ni a ƙofa tana godiya, ta ce ba ta taɓa shan kunu mai daɗinsa ba, in gaya wa mutanenmu su ci gaba. Na ce mata za su ci gaba, ba sai an gaya musu ba.

Ranar da zan taho Ramatu ta raka ni tasha. Ta saya mini takalmi, ta ba ni sababbin ledoji ashirin, kowace ta riga ta rubuta mata lamba da hannunta. Ta ce in shiga rumbun da kaina in ɗebo, kada in karɓa daga hannun matar gida, kada kuma in je da bik. Ta ce in gaya wa kowa ya daina shan hatsin da ya yi baƙi, ko da bincikenta bai ƙare ba. Na ce to. Ta ce, "Baba, 'to' ka ce wancan karon ma."

Dawowa ba ta da labari, sai dai mai maganin nan da na sake tararwa a Ƙonni, na ɓuya bayan wata mota har ya wuce.

To ga amsar masu tambaya. Ramatu ta ga hatsinku, ta karanta sunayenku, kowa ya fita kunya. Abin da aka rasa kuwa shi ne takalmina na hagu, da babbar riga ɗaya da laka ta ci, da kwana tara a lokacin girbi, da rabin wakena da awaki suka shiga ba na nan, da ɓera ashirin da huɗu, da wata huɗu na Ramatu waɗanda ba ni da inda zan samo in mayar mata.